Littafin Tuntuɓe

Na raɗa masa suna Ɗan-aike,
ko da yake ba shi da ƙafa balle takalmi.
Layuka ɗari uku ne a tsohuwar kwamfuta
mai fanka mai tari kamar injin markaɗen Mabera.
Aikinsa guda ne: kowace asuba
ya tattaro farashin albasa daga Ramin Kura, Gada da Goronyo,
ya zuba wa manoma sittin a wayoyinsu
kafin dillali ya riga shi da zaƙin baki.

Wata biyu bai yi fashi ba.
Sai ran wata Laraba ya yi gum.
Bai faɗi ba, bai yi ƙara ba,
fitilarsa shar, kamar mai ƙoshin lafiya.
Kawu Nomau ya bugo daga Kware:
"Mi yas sami ɗan aiken naka?
Buhu goma nis saida cikin duhu."

Na taso daga awon jini a asibiti,
na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na buɗe cikinsa.
Na zargi masu wuta. Na zargi data.
Na zargi zafin bazara da ke narkar da kwalta a Gawon Nama.
Ƙarfe biyun dare na ci karo da mai laifi,
rubutun hannuna ne:
in ka gamu da matsala, yi shiru ka wuce.
Na tuna ranar. Sauri nake, za a fara ƙwallo.

Babana Labbo, Allah ya jiƙan rai,
yana da littafi a shagonsa na tireda.
Har kwalbar manjan da ta fashe sai ya rubuta,
da rana, da lokaci, da gwiwar hannun da ta ture ta.
Yakan ce asarar da ba a rubuta ba
gobe da ƙannenta take dawowa.

Sai na ba Ɗan-aike nasa littafin.
Na ce duk inda ka taka, faɗi,
duk inda ka yi tuntuɓe, sa sa'a da lambar layi.
Daren farko ya cika min layi dubu tara,
na tashi, na duba, na sake dubawa, na ga, ban gani ba,
surutu kamar tashar Illela ran kasuwa.
Na rage masa baki zuwa uku:
labari, gargaɗi, da wayyo.

Alhamis lafiya. Juma'a lafiya.
Hajo ta ce, "Wanda ya warke kake jinya?"
Na ce ciwon da ya tafi ba sallama
yana bayan ƙofa.

Laraba, biyar da minti huɗu,
ga shi baƙi a kan fari:
layi na ɗari biyu da sha huɗu,
harafin da ban sani ba.

Na bi sawu har saƙon Arzika na Goronyo,
mai aiko farashi ran Laraba kaɗai.
Ya yi sabuwar waya, ta iya Hausa,
ya rubuta: albasa ta yi ƙaranci.
Ƙ ɗin nan mai lanƙwasa
ita ta tsaya wa yarona a maƙoshi kamar ƙayar rajiya.
Sauran duk da k miƙaƙƙiya suke rubutu,
ni kuma ban taɓa gaya masa
harshenmu yana da ƙugiya ba.

Gyaran bai kai tsawon ɗan yatsa ba.
Mako guda na rashin barci, kalma ɗaya.
Na yi dariya har na tada akuyar maƙwabta.

Yau da asuba saƙo ya isa wayoyi sittin.
Na buɗe littafin ina kurɓar kunu,
can ƙasa ga sabon gargaɗi:
a gurbin farashin Acida
wani ya rubuta "sai an gani",
Ɗan-aike yana tambaya naira nawa ke nan.